Ƙwan Gauraka a Ranar Tsuntsaye

A can wani zamani, akwai wani ƙauye a bakin fadama. Kowace damina mutanen ƙauyen sukan taru su yi Ranar Tsuntsaye. Duk wanda ya gano tsuntsu mafi kyau sai ya ƙwala kira, jama'a su ruga su gani, a ɗora masa malafar girma.

Wata yarinya ta daɗe tana son malafar nan. Ran taron ta kutsa cikin dogayen ciyayi, sai ga gauraka kwance a kan ƙwai, tukkunta kamar zinariya. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi kira. Sai ta waiga ta ga jama'a, ga yara ga karnuka, ta kuma dubi sheƙar nan da ke ƙasa. Ta rufe baki, ta ja da baya a hankali.

Kakarta ta ce, "Me kika gani, 'yar nan?"

Ta ce, "Na ga abin da ba zan nuna ba, Kaka."

Ƙawayenta suka ce, "Me kika gani?"

Ta ce, "Na ga abin da ba zan nuna ba."

Suka yi mata dariya. Malafa ta tafi kan wani, yarinyar ta koma gida tana share hawaye.

Da damina ta zagayo aka sake taruwa. Sai ga gauraki sun sauko fili, manya da ƙanana, suna rawa. Ba wanda ya yi kira, don kowa ya gani.

Kaka ta sunkuyo ta ce, "Su ne, 'yar nan?"

Yarinyar ta ce, "Su ne, Kaka."