Wadda Ta Amsa Kiran Waya

Rana tana gab da faɗuwa a Madawa, Tabawa tana tankaɗen gari a tsakar gida, sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryarta. Ta ɗaga kai, ba kowa a kan katanga. Wani ya sake faɗowa a kan kwanon ɗakin da ke kusa da zaure, ɗakin da wani furojen noma, wato shirin taimakon manoma, ya haya ya ajiye babban ordinatar, wato kwamfuta.

Mijinta Dauda shi ne mai kula da na'urar. Aikin na'urar shi ne kiran sauran ordinatocin furojen na Buza da Keita ta wayar telefon, kowanne da sunan da aka laƙaba masa, don a san wanda ke aiki da wanda ya mutu. Na Buza, da Dauda ya sa wa suna Cima, tsawa ta ƙona shi da damina.

Jifan bai tsaya ba. Kowane marece, da zarar kaji sun hau, duwatsu sai su soma sauka, tare da wata murya siririya daga bakin zaure tana cewa, "Ga ni." Ranar nan Fatiha, ɗiyarsu, ta je rufe ƙofa, ta dawo tana tafiya kamar tsohuwa, ta zauna a gaban ɗakin na'urar. Uwarta ta kira ta, ba ta waiga ba.

Dauda ya tafi Galma ya ɗauko Malam Abdulmumin, tsohon malami mai karatu ga masu iska. Malam ya zauna a tabarma, ya daɗe yana karatu har duhu ya soma rufe fuskokinsu. Sannan ya ce, "Wa ke nan?"

Bakin Fatiha ya buɗe, muryar ba tata ba ce. "Cima ce. Ina zaune cikin gawon da wayarku ta ratsa. Dare da rana sunana na wucewa ta kaina, ana tambaya ina Cima. Na zo, ba a buɗe mini ba, sai yarinyar ga."

Malam ya juyo ga Dauda. "Ɗana, mi abin naka ke yi?"

Dauda ya ce na'urar tana da hanya biyu ta gane suna: ta duba sunayen da aka rubuta mata a cikinta, ko ta tambayi waje ta waya. Shi ya tsara ta soma da waje. Kuma bai cire Cima daga cikin waɗanda ake kira ba.

"Ki fita," in ji Malam.

"An kira ni. A ba ni yarinyar."

"Ba za a ba ki ba."

Wuyan Fatiha ya karkace, Tabawa ta toshe bakinta da zane. Malam ya ci gaba da karatu bai ɗaga murya ba, har muryar Cima ta soma rawa.

"To, a bar kirana. Abin nan ya soma neman na gida tukuna. In na sake jin sunana, ba jifa zan yi ba."

Dole Dauda ya bi ta gefen ɗiyarsa kafin ya shiga ɗakin, idanunta suna biye da shi. Ya juya tsarin, na gida farko, waje daga baya, ya share sunan. Kukan wayar da ke kiran Cima ya ɗauke.

Fatiha ta yi atishawa mai ƙarfi ta kife. Can ta motsa, ta ce, "Inna, ƙishirwa nika ji."

Tabawa ba ta matsa ba sai da Malam ya ce, "Ɗiyarki ce, ba ta ruwa." Sannan ta rungume ta, ta fashe da kuka.