In Na Komo Za Ni Ruhe

Ƙafarsa ta fara gani kafin fuskarsa.

Nuriyya na tsaye bisa dakalin ƙofar gidansu a Isa, dawowarta ke nan daga Islamiyyar da take koyarwa, sai ga wata jar mota 'yar guntuwa, mai kujera biyu, ba rufi, ta zo tana tururi ta tsaya gindin darbejiya. Da yake motar a buɗe take, komai na cikinta a fili yake. Ta ga direban ya zame gaba, ya miƙa ƙafa iya tsawonta kamar mai laluben takalmi a ƙarƙashin gado, sannan ya samu ya taka kuloci.

Ya fito ya yi sallama, ya roƙi ruwan da zai zuba wa lagireto. Ta shiga ta cika buta ta kawo masa. Dole ya jira injin ya huce, ita kuwa ba ta ga dalilin yin sauri ba.

"Malam, motag ga taka ta, ko ta aro?"

"Mi kinka gani?"

"Na ga ƙahwarka ba ta kai. Ai kujerar na matsawa gaba."

"Na sani," ya ce.

Bai yi murmushi ba, bai kuma ji haushi ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to Nuriyya ta tambayi wannan fuskar ba ta samu ko wa'alaikumussalam ba. Abin ya tsaya mata a rai, har ta manta butarta a hannunsa.

Sunansa Labbo, mai gyaran waya ne a kasuwar Sabon Birni. Motar kuwa yaran gari sun raɗa mata suna Ba-hula. Ta wansa ce, Jamaluddeen, dogon mutum mai yawan dariya, wanda ya sayo ta kwance daga Kwatano ya biyo da ita ta Maraɗi, aka yi ta ce masa ya sayo wahala. Wata safiya ya wanke ta, ya ninke rumfar tamfol ɗinta baya don kujeru su sha iska. Ba-hula ba ta iya yashin hanyar Burkusuma, don haka ya hau babur. Ya waiwayo ya ce wa ƙanensa, "Bar ta buɗe, in na komo za ni ruhe."

'Yan bindiga suka tare hanya ranar. Da la'asar aka kawo shi a nannaɗe cikin tabarma.

Labbo bai yi kuka ba, ko a maƙabarta. Tun daga nan abinci ya zama abu ɗaya a bakinsa, da mai gishiri da marar gishiri. Shekara biyu ke nan yana tashin motar kowace safiya don kada batir ya mutu. Yana sauya mata baƙin mai kan lokaci, yana aika wa direbobin Maraɗi su nemo masa fulogi, yana bin ramukan titi a karkace don kada cikinta ya gogi ƙasa. Da damina ya lulluɓe ta da buhunan da ya ɗinke. Kujerar tana inda dogayen ƙafafun Jamaluddeen suka bar ta, rumfar tana inda hannunsa ya ninke ta. Mutane sun ɗauka rumfar ta lalace, shi kuma bai gyara musu zance ba.

Ranar kasuwar Isa ya dawo da butar. Ya sake dawowa mako na gaba ba tare da buta ba. A zaure suke zama, ita ke magana, shi yana sauraro, kuma ta lura ba ya mance ko kalma ɗaya. Ta taɓa cewa wayarta na saurin cinye caji, washegari ya aiko da sabon batir.

Saƙonninsa gajeru ne kamar shi.

"Na iso lahiya. Ta yi zahi sau ɗaya a hanya. Ki gaida Inna."

Ita kuwa ba ta rowar kalma.

"Gajerena, motar ka ba ni labarinta, kai hwa? Ka ci abinci? Ka yi kewata ko sai na aiko maka da ita cikin leda?"

Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya rubuta.

"Nurina, ban san sunan abin da nike ji ba. Amma in na baro Isa ina lura da hanya ta yi tsawo. Kujerar gefe taki ta, duk ranar da Allah ya nuhwa."

Ta karanta ta rungume wayar a ƙirji. Sonsa take yi, har da tausayin da ba ta san daga ina yake zuwa ba.

Mahaifinta, Alhaji Kassimu, tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigilar wake da albasa zuwa Nijar kafin gwiwa ta zaunar da shi. Da ya ji Labbo na shirin turo kawunnansa, sai ya ce a dakata, yaron ya zo da kansa tukuna.

Labbo ya durƙusa gefen tabarma ya gaishe shi.

"Ɗana," in ji Alhaji, "zamanin ga mutum ko sabon takalmi yas saya ɓoye shi yake. Kai kana yawo cikin jar mota, kai buɗe, kowa na ƙirga ka. Wanda duk ke kai rahoto daji ya san ƙohwar gidan da take tsayawa. Wannan ɗaya ke nan."

"Gaskiya na, Baba."

"Na biyu, ina kallonka tun da ka hwara zuwa. Jikinka na zuwa, kai ban ga ka zo ba. Ɗiyata mai surutu ta. Ba ni kai ta gidan da za ta yi magana da bango."

Ya dogara sanda ya tashi, ya zaga motar a hankali yadda masu sayen shanu suke yi. Ya cusa hannu bayan kujerar direba ya lalubi ƙarafan rumfar.

"Wa yac ce ta lalace? Lahiyarta lau. Kujerar ce anka tura baya ta danne ta. Ban ce ka sai da motarka ba. Ruhe ta, ka komo mu yi magana."

Aikin da bai fi shan ruwa ba. Labbo ya ce to, ya koma Sabon Birni, ya tsaya gaban motar har aka kira magariba, bai taɓa komai ba. Mako ya wuce bai je Isa ba, wani makon ya bi bayansa.

Inda aka bar fili kuwa ba a rasa mai shiga. Akwai Abdulrauf, ɗan abokin Alhaji, mai shigo da atamfa daga Maraɗi, mai fara'a da turare, wanda ya daɗe yana kewaya gidan. Wata yamma ya zo zance, bayan gaisuwa ya miƙa wa Nuriyya wayarsa.

"Ba gulma ba, ƙanwata. Na ga dai ya kamata ki sani."

Hoton Ba-hula ne a cikin gidan su Labbo, ƙofar gida a buɗe. Wata mace kyakkyawa na zaune a kujerar gefe, ta jingina kai, ta lumshe ido.

"Matar wansa ta, Rukayya. Duk Juma'a tana can. Sabon Birni kowa ya san gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa."

Nuriyya ta mayar masa da wayarsa, ta ce ya gaida gida. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado, ta ji kanta fayau kamar an kwashe kayan ciki. Sai daga baya ta gane, ashe haka Labbo ke kwana yana tashi.

Ta rubuta masa: "Ashe kujerar da kac ce tawa tana da mai ita. Allah shi ba ku zaman lahiya."

Amsar ta zo: "Ba haka ba na. Ki yi hanƙuri."

Shi ke nan abin da ya iya. Wani saurayin da ya cika waya da rantsuwa, Labbo kuwa ya ajiye tasa wayar ya ɗauki tsumma ya ci gaba da goge fitilar mota.

Rukayya ce ba ta iya zama ba. Zancen ya iso kunnenta, ta shiga motar haya cikin ayarin da ke bin rakiyar jami'an tsaro, ta sauka Isa, ta yi tambaya har ɗakin Nuriyya.

"Ƙanwata, hoton gaskiya na, ni ce," ta ce bayan ta sha ruwa. "Tun da nig gama takaba nike zuwa in zauna inda nis saba zama, in yi kukana in tashi. Labbo na ba ni wuri, waje yake hita. To ni na gama. Bayan Salla za a ɗaura mini aure Tozai."

Nuriyya ta sunkuyar da kai don kunya.

"Anti, to mi ya hana shi ruhe motar? Abin da Baba yan nema ke nan kawai."

Rukayya ta gaya mata maganar da Jamaluddeen ya yi a kan babur.

"Shi yana ganin in yar ruhe, ya yarda ke nan wansa ba ya komowa. Ni ina da hawaye, sun taimake ni. Shi ko ɗigo bai zubar ba."

Da yamma, bayan ta raka baƙuwarta tasha, Nuriyya ta zauna ta rubuta saƙo mafi tsawo a rayuwarta.

"Gajerena, ka yahe mini, na zarge ka ban tambaya ba. Anti Rukayya ta zo, na ji komi. Ba ni ce maka ka mance Yaya Jamaluddeen, in Allah ya ba mu ɗa ma sunansa za shi ci. Amma shi ya riga ya isa inda za shi, Allah shi jiƙan shi. Ni ce ke tsaye bakin hanya. In ba ka iya ruhewa kai kaɗai, kawo ta nan ƙohwar gidanmu, kada ka yi shi cikin kaɗaici. In ma ba ka iya ba, zo hakanan in gan ka. Taka, Nuri."

Washegari da hantsi sai ga Ba-hula gindin darbejiya, hadarin farkon damina na haɗuwa ta gabas.

Alhaji Kassimu na kan tabarmarsa. Nuriyya ta laɓe a zaure tana leƙe ta jikin asabari.

Labbo ya gaida Alhaji, ya koma ya durƙusa gefen motar, ya kama ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera ya ja. Ko motsi. Shekara biyu ta yi masa tsatsa. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito. Alhaji ya shiga gida ya fito da 'yar kwalbar baƙin mai, ya ɗiga a kan layin ƙarfen, ya koma gefe ya tsaya.

Kujerar ta yi ƙara ta zame gaba.

A wurin da ta tashi akwai ɓarin goro, ya bushe ya yi baƙi, da sawun haƙori a jikinsa. Jamaluddeen ba ya taɓa cinye goro, kullum sai ya ajiye rabi wai na anjima.

Labbo ya ɗauka ya riƙe a tafin hannu. Sannan ya miƙe ya kamo rumfar ya jawo ta, ta taso da ƙyar tana zubar da ƙasa, ya kawo ta gaban gilashi ya danna maƙullanta biyu. Da na biyun ya shiga, sai ya saki rumfar. Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, ya fashe da kuka irin na yaron da aka bari a tasha.

Nuriyya ta toshe bakinta da mayafi, nata hawayen na zuba. Alhaji ya dafa kan Labbo, ya bar hannunsa a nan har yayyafi ya fara sauka kan tamfol.

"Yi abinka, ɗana. Yanzu ka zo. Ka ce wa kawunnanka ina jiransu."

Bayan Salla aka ɗaura auren Labbo da Nuriyya a masallacin unguwar su Alhaji. Rukayya ta zo daga Tozai da lallen nata amarcin bai gama fita ba, ita ta riƙe hannun amarya har ɗaki. Abdulrauf ma ya halarta, ya ci shinkafa ya yi addu'a da ƙarfi fiye da kowa. Da za a tafi da Nuriyya, Alhaji ya ce, "Allah shi yi muku albarka, shi tsare hitarku da komowarku, shi sa ku tsuhwa kuna ba juna labari." Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.

Labbo bai zama mai surutu ba, kada ma a yi masa ƙarya. Amma ran nan ya ce miya ta yi gishiri, Nuriyya ta yi ta murna kamar an yaba mata.

Wata safiya ya wanke motar a tsakar gida, ya ninke rumfar don kujeru su bushe. Waya ta yi ƙara, ana nemansa a Turba ya duba wasu kaya. Ya fito da babur, ya ɗora ƙafa, ya waiwaya zai yi magana, sai ya ga motar a buɗe, ya ga matarsa tsaye kusa da ita. Maganar wansa ta ƙarshe ce ta zo bakinsa, ya haɗiye ta.

Nuriyya ta gane. Ta ƙaraso ta gyara masa wuyan riga.

"Tahi, Gajerena, Allah shi kiyaye hanya. In ka komo ka ruhe."

Ta wuni tana leƙa ƙofa, ta ƙona shinkafa, ta yi ta jan carbi. Hadari ya taso da azahar, tana kallon kujerun, ba ta taɓa rumfar ba.

Ana kiran la'asar ta ji ƙarar babur. Labbo ya shigo da laka har gwiwa, ya yi sallama, ya wuce kai tsaye ya jawo rumfar ya danna maƙullan. Sannan ya juyo ya dube ta, yana murmushi.

"Na komo, Nurina. Akwai abinci?"