Jigidar da Ta Ɓata Hoto

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Kurmin Sarki, cikin Suleja. Allah ya zuba mata kunya, har ta so ta yi yawa. Ko sunanta aka tambaya, sai ta sunkuyar da kai.

Wata rana wani kumburi ya fito mata a saman cinya. Aka shafa man zafi, aka gasa da ruwan ɗumi, amma bai sauka ba.

A asibiti aka yi mata hoton ƙashi. Likita ta ce wannan hoton ba ya nuna tsoka sosai. Tana tsoron kada ya zama ciwon daji. Sai an je Abuja an yi wani hoton a babban inji. In an gano ciwon da wuri, za a ceci ƙafar.

Masu jiran injin suna da yawa. Sai da aka yi makonni kafin layi ya zo kansu.

Mai ɗaukar hoton sunansa Gbenga. Ya bayyana wa yarinyar cewa injin yana da maganaɗisu mai ƙarfi, ba ya shiri da ƙarfe. Mama ta cire mata 'yan kunne.

"Saura wani ƙarfe a jikinki?" in ji Gbenga.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Akwai jigidar da kakarta ta ɗaura mata a ƙugu, da ɗan maƙalin ƙarfe a bakinta. Mama ta manta da ita. To, ta yaya yarinyar za ta ambaci jigida a gaban namiji? Ta girgiza kai.

Aka kwantar da ita, injin ya yi ta ƙara. Can ta ji wani ɗumi a ƙugunta, amma ta yi gum. Gbenga ya tsayar da injin. Hoton ya fito da wani baƙin tabo, daidai wurin da likita take son gani.

Ya ce lokacinsu ya wuce, ga wasu yara suna jira. Wataƙila sai an sake ba su wata rana. Mama ta zauna ta yi tagumi. Yarinyar ta dubi cinyarta, tsoro ya kama ta ƙwarai.

Wata nas mai suna Funmi ta ja ta gefe. "Ƙanwata, faɗa mini, mu biyu ne kawai."

Ta fashe da kuka. "Anti, jigida ce. Kunya na ji."

Funmi ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, "Da kin raɗa wa Mama ai shi ke nan. Ƙarfen nan zai iya ƙona ki, kin sani?"

Funmi ta je ta roƙi Gbenga, ya yarda a sake bayan kowa ya gama. Yarinyar da Mama suka wuni a kan benci da yunwa. Aka cire jigidar, wannan karon hoton ya fito tas.

Likita ta ce ciwon ne, amma ƙarami ne, bai taɓa ƙashi ba. Aka yi aiki, aka sha magani na watanni. Da wuya, amma ta warke.

Ranar da ta koma makaranta da ƙafarta, Mama ta ce, "Kunya ado ce, 'yata. Amma ba a ɓoye wa mai magani gaskiya."

Yarinyar ta ɗaga kai ta ce, "Na gane, Mama."