Azarar Gidan Haya

Ranar Talata da hantsi aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Kalgo cewa rufin ɗaki ya faɗa wa Malam Ubaidullahi a gidansa na bayan kasuwa da yake ba da haya. Kafin Sufeto Jibrin ya isa, an ciro shi, rai ya yi halinsa.

Mutanen unguwa bakinsu ɗaya: shi ya ja wa kansa. Tsohon malamin firamare ne, bai taɓa riƙe cokalin gini ba, amma ya ce da hannunsa zai gyara ɗakunan. Ruwan farko ya jiƙa ƙasar rufin, ya shiga duba yoyo, azara ta karye.

Sufeto ya durƙusa cikin ɓaraguzai ya jawo guntun azarar. Bayanta baƙi ƙirin, cikinta fari, ba nauyi, kamar totuwar kara. Ya duba tafinsa, duk baƙin mai.

Bayan sadakar uku ya je wurin Kulu, matar mamacin. Tana takaba, ta bayan labule ta amsa.

"Ni na kashe shi, Yallaɓai. Ya so ya ba Adamu magini kwangila. Na ce Malam, ɗaki biyu ne fa, kana zaune ba aiki, yi abinka sannu sannu. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa ƙin maganata ba."

"A ina ya sayi azara?"

"Gwandu, wurin Yusufu. Lawal, ƙanen Malam, ya ɗauko da a-kori-kurarsa."

An ji Adamu magini yana ce wa mamacin "za ka gani" ranar da aka hana shi aikin. Sufeto ya same shi yana kwaɓa ƙasa.

"Ban sake taka gidan ba," in ji Adamu.

"Mai shayin ƙofar gidan ya gan ka ranar Laraba, kafin rufin ya faɗi."

Adamu ya ajiye shebur. "Na je in yi dariya ne, Yallaɓai. Na ɗaga kai na ga azarar ta soma lanƙwasa. Ta gari daga namijin giginya take, baƙa har ciki, nauyinta kamar ƙarfe. Ta mace fara ce, rumfa ake yi da ita, ba ta ɗaukar ƙasa. Da ni na ɗaga ko ɗaya, da hannuna ya gaya mini."

"Ka faɗa masa?"

"Haushi ya hana ni."

A Gwandu, Yusufu ya yi tsalle da jin zancen.

"Macen giginya? Ni? Dubi nan!" Ya nuna kan azarar da ke jingine. Kowace da tsaga biyu ta wuƙa. "Shaidata ke nan tun zamanin babana. Kuma mi azarata za ta yi da baƙin mai? Gara ba ta cin wagga."

"Yaushe aka yi lodi?"

"Jumma'a, bayan masallaci."

Kulu kuwa ta ce sai ranar Lahadi kaya suka iso Kalgo.

Lawal a Kambaza yake zaune. Ya shimfiɗa wa Sufeto tabarma a sabon zaurensa, ya kawo fura. Sufeto ya tambaye shi inda azara ta tsaya daga Jumma'a zuwa Lahadi.

"Mota ce ta lalace mini, kwana biyu ina fama da ita. Da na ga ina zaune, na shafa wa azarar baƙin mai saboda gara. Yaya har albarka ya sa mini."

Sufeto bai taɓa furar ba. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin. Sannan ya miƙe, ya fita, ya zaga bayan zauren inda kawunan azara suka leƙo daga bango. Tsaga biyu. Tsaga biyu. Tsaga biyu.

"Zauren ya yi kyau, Lawal. Yaushe ka rufe shi?"

Lawal ya zube a gindin bangon.

"Na musanya masa da ta rumfata. Na san ba zai gane ba, ba sana'arsa ba ce. Wallahi ban nufe shi ba! Na ce ai 'yan haya ne za su kwana ciki, ba Yaya ba."

"Su 'yan hayar ba su da masu kuka?"

Lawal ya miƙa hannu aka sa masa ankwa.

Da la'asar Sufeto ya koma bakin labulen, ya faɗa wa Kulu komai, bai rage ba.

"To da ya ba Adamu aikin, da yana nan?" ta tambaya.

Sufeto ya so ya ce a'a. Bai iya ba.

"Mai yiwuwa. Amma ke shawara kika ba mijinki. Azarar da ya saya, da ita aka kawo masa, da ta riƙe ɗakin har jikokinki."

Labulen ya motsa kaɗan.

"Ashe ya zaɓi ta gari," ta ce. "A faɗa wa mutanen unguwa. Su daina cewa bai san abin da yake yi ba."