Shaddar da Ba Ta Cika

Ranar da aka binne tsohuwa mai gawayi, wadda cutar ta fara kashewa, yaran layin sun riga sun cika gadajen asibiti da amai da gudawa. Duba-gari ta zura guga a rijiyar da kowa ke sha, ta sansana ruwan, nan take ta gane. Ƙazantar shadda ce ke shiga, kuma daga gidan wani take fitowa. Ita ma Duba-gari, 'yarta Auta tana kwance ana ƙara mata ruwa. Ta rufe rijiyar da kwaɗo, don ta san in ba a gano ramin ba, sauran rijiyoyin ma za su bi.

Mutanen layi, da ba sa rasa mai laifi, sun riga sun yanke wa Tela hukunci. Shaddarsa ta daɗe tana tumbatsa, warinta har sallama yake yi wa baƙi. Ta same shi a bayan kekensa yana zufa, matasa sun taru a ƙofa.

"Yaushe rabonka da yashewa?"

"Tun bara, ranki ya daɗe. Amma wallahi ban kashe kowa ba."

Ta zagaya baya ta duba. Ramin cike yake har baki, ruwan yana gangarawa kwata, nesa da rijiya. Ta rubuta masa tara, ta kori matasan. Ramin da ke tumbatsa ai ba ya yoyo ta ƙasa.

Na biyu da ta tuhuma shi ne direban motar yashe shadda, wanda ake zargin yana juye kaya a kangon bayan rijiya. Ta je kangon, babu sawun taya, ciyawa ko kwanciya ba ta yi ba. Direban ya ce kowane gida a layin ya san bututunsa, ban da ɗaya.

"Na wa?"

"Na Baffanki mana. Tun da ya yi sabon gini bai kira ni ba. Shaddarsa mai albarka ce, ba ta cika."

Ya yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. A gidan Baffa ta girma, ta san yawan mutanen da ke cikinsa.

Ta shiga kamar mai gaisuwa, ta nemi bayi, ta juye garin rini kore a masai, ta bi shi da bokitin ruwa. Duk hanya addu'a take kada ta ga komai. Washegari guga ya fito daga rijiyar da ruwa kore.

Baffa yana zaune a ƙofar ɗakin da ya gina wa ɗansa lokacin aure. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ajiye gugan a gabansa.

"Baffa, ina murfin shaddarka?"

Ya leƙa gugan, ita kuwa ta nuna ɗakin da ke bayansa.

"Yana ƙarƙashin wannan ɗakin, ko? Mota ba za ta iya kai wa gare shi ba. Gida cike da jama'a, rami bai taɓa cika ba. Fasa gindinsa aka yi."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce fili ne babu, shi ya sa kafin a zuba daɓe ya sa aka yashe ramin, ya sauka da kansa ya farfasa simintin ƙasan da diga, don ƙasa ta riƙa shanyewa. Bai taɓa tunanin ruwa na tafiya a ƙarƙashi ba. Ta gaya masa dole a rushe ɗakin a cike ramin, kuma maganar mutuwar tsohuwa sai ta kai gaban hukuma.

"Yaya jikin Auta?" ya tambaya.

"Da safe ba ta gane ni ba."

Wayarta ta fara ƙara a jaka. Ta ciro, lambar asibiti ce. Su biyun suka zuba mata ido tana ta ringi, babu wanda ya iya miƙa yatsa.