Girkin da Ba Nata Ba

Ranar da Humaira ta cika kwana bakwai a ɗakinta na Gumel, tun da hantsi ta tankaɗe garin gero, ta buɗe ƙwaryar daddawar da mahaifiyarta, Inna Lauratu, ta haɗo mata cikin gara daga Ɗanzomo. Ranar ce amarya ke ɗora tukunyar farko a kai wa surukai su ɗanɗana hannunta. Tuwon gero da miyar kuka ta yi niyya, don a nan ta fi ƙwarewa.

Angonta Abdulmuhaimin, ma'aikacin wani kamfanin shigo da kaya a Maigatari, ya shigo da manyan ledoji biyu. Ya tsaya a bakin kicin, ya ɗan yamutsa fuska.

“Bebi, filis rufe ƙwaryar nan.”

“Daddawar Inna ce fa, Yaya. Kai da kake lashe kwano a zaurenmu?”

“Zaurenku daban, gidanmu daban. Kin dai ji abin da yayata Nana Firdausi ta faɗa ranar ɗaurin aure, wai na auro warin daddawa. Yau duk suna can suna jira su yi mana dariya.”

Ya zazzage ledojin. Robobi ne masu murfi daga wani sufamaket na Kano: soyayyar shinkafa da kaza, dafaffu, daskararru kamar dutse.

“Ki ɗumama, ki juye a sababbin kulolinki. Wa zai sani?”

“Allah zai sani,” ta ce a hankali. “Kuma abin da roba ɗaya ta ci zai ciyar da mu kwana uku da tuwo.”

“Ba maganar arha nake yi ba, maganar mutunci nake yi!”

Ta dube shi. Shi ne wanda ya shekara biyu yana bin hanyar Ɗanzomo a kan babur, damina da rani, har ’yan’uwansa suka gaji da hana shi. Ta ga tsoro a idonsa, kuma son da take masa ya sa ta ɗauki tsoron nan a matsayin kulawa. Ta rufe ƙwaryar.

Kulolin suka dawo da tukwicin atamfa. Hajiya Rakiyya, uwar miji, ta aiko da yabo, Nana Firdausi, yayarsa da ke aure a Kano, ta bugo waya tana cewa, “Ashe ’yar ƙauyen tana da aji!” Daga nan ya zama ƙa'ida: duk Juma'a amarya za ta aika wa Alhaji Badaru, mahaifin miji, shinkafar nan. Duk Alhamis direban motar haya ya kawo robobi daga Kano, a zuba a firiza. Ƙwaryar daddawa kuwa aka mai da ita bayan ƙofar sito.

A can Inna Lauratu ta gan ta, ranar da ta zo ganin ɗaki. Ta ɗaga faifan da aka rufe ta da shi, ta ga ko ƙulli biyu ba a taɓa ba. Ta dubi robobin da aka wanke aka jera a gefe. Ta mai da faifan yadda ta same shi, ta ce rana ta yi, za ta bi motar la'asar.

A wata na uku wutar unguwar ta ɗauke kwana huɗu. Ran Juma'a Humaira ta buɗe firiza, ta ja da baya.

“Yaya, wannan ya juya. Bari in tuƙa tuwo, yanzu-yanzu zan gama.”

“Tuwo? Bayan wata uku ana yabon shinkafarki? Ki ƙara kori, wuta za ta kashe komai.”

“Wallahi ba zan kai wa Baba Alhaji wannan ba.”

“To, ni zan kai!”

Shi ya ɗumama, shi ya juye a kulolinta, shi ya ɗaura a bayan babur. Kafin la'asar an kwantar da Alhaji Badaru a asibiti ana ƙara masa ruwa.

Kashegari aka tara su a falon Hajiya. Humaira na durƙushe a bakin ƙofa.

“Dama na faɗa!” in ji Nana Firdausi. “Ƙazantar ƙauye ba ta barin mutum. Hannun da ya saba dama daddawa ina ya san tsafta?”

Hajiya Rakiyya ta juya ga ɗanta. “Kai kana gidan. Yaya aka yi?”

Kalma ɗaya ta ishe shi. Humaira ta ɗago kai tana jiranta. Abdulmuhaimin ya kafa wa dardumar falon ido, kamar an ce ya ƙirga zarenta.

Hajiya ta juyo ga Humaira. “Ke fa? Ba ki da baki?”

Inna ta sha faɗa mata cewa mace suturar mijinta ce. Hawaye ya zubo mata, ta ce, “Ku yi haƙuri, Hajiya.”

“Haƙuri? Tattara ki tafi wurin uwarki ta koya miki wanke tukunya. In Alhaji ya tashi, ma san matsayin auren.”

Ta koma Ɗanzomo da ƙaramar jaka. Inna Lauratu ta karɓi jakar. Ta miƙa mata muciya kawai. Mako uku Humaira na taya ta dafa kalwa, maƙwabta na leƙe ta katanga. Saƙonnin “sori bebi” suna shigowa wayarta; mai saƙon bai zo ba.

Alhaji Badaru ya dawo gida, amma bakinsa ya ƙi abinci. Ya rame har hularsa na rufe masa kunne. Nana Firdausi ta zo daga Kano da leda, ta ɗumama abin da ke ciki, ta kawo a faranti. Hajiya ta ɗebi cokali ɗaya don ta ji zafinsa kafin a ba maras lafiya. Ta tauna, ta tsaya: ɗanɗanon shinkafar Juma'a ne sak. Ta dubi karas ɗin da aka yanka daidai wa daida, babu babba babu ƙarami.

“Wa ya karɓo girkin yarinyar nan ya shigo mini da shi gida?”

Nana Firdausi ta tuntsire da dariya. “Haba Mama! Daga sufamaket na sayo, ga robar can a kicin.”

Dariyar ta mutu ita kaɗai. Hajiya ta sa aka kira Abdulmuhaimin, ta ajiye robar a gabansa. Wannan karon darduma ba ta cece shi ba. Ya faɗi komai, har da wanda ya ɗaura kulolin a babur.

Daga kan gado muryar Alhaji ta fito, siririya. “Wata uku ina cin abin nan don kada in kunyata ’yar mutane. Ni tuwon gero nake so, da miyar kuka mai daddawa, irin ta gyatumata.”

Aka duba kicin ɗin Hajiya kaf: dunƙulen magi iri huɗu, daddawa ko ɗaya.

Da safe Hajiya Rakiyya da ɗanta suka isa Ɗanzomo. Inna Lauratu ta shimfiɗa musu tabarma kusa da inda take shanya daddawa, ba ta kuma matsar da ita ba. Hajiya ta ba da haƙuri, ta maimaita.

“Ba komai, Hajiya,” in ji Inna. “Ita daddawa ba ta ɓoye warinta. Shi ya sa ba ta taɓa cutar kowa a ɓoye ba. Akwai cikakkiyar ƙwarya a bayan ƙofar siton ɗanku, in bai zubar ba.”

Abdulmuhaimin ya sunkuyar da kai. Hajiya ta roƙi Inna ta biyo su Gumel a yi mata godiya a gaban dangi. Inna ta ce kalwarta na kan wuta. Humaira ta bi su, suka biya suka ɗauko ƙwaryar.

A ranar Humaira ta tuƙa tuwo a tsakar gidan surukanta, ƙanshin miya ya cika har zaure. Alhaji Badaru ya cinye malmala ɗaya, ya nemi ƙari, ya yi ta sa mata albarka. Nana Firdausi ta ci nata a ɗaki, ta turo ƙofa.

Da suka koma gidansu, Abdulmuhaimin ya durƙusa a bakin kicin, daidai inda ya taɓa tsayawa da ledoji.

“Ki yafe mini, Humaira. Wallahi tsoro ne.”

“Na yafe, Yaya,” ta ce, tana mai da ƙwaryar kan kantar kicin, inda kowa zai gani. “Sai dai yanzu na san inda idonka ke zuwa in rana ta ɓaci.”

Haƙurinta ya dawo mata da ɗakinta, ya ɗaga darajarta a gidan da aka kore ta. Sun zauna lafiya, kuma bai sake kawo roba ba. Amma Inna Lauratu ba ta ƙara taka gidan nan ba. Daddawa kawai take aikowa a motar haya.

Wanda ya ji kunyar abincin da ya raine shi, wata rana zai ji kunyar mai dafa shi. Ruɓaɓɓen abinci kwana uku yake yi a ciki ya fita. Shirun miji a ranar da ya kamata ya yi magana kuwa, ana yafe shi, amma ɗacinsa ba ya barin harshe.