Sunaye Saba'in, Rubutu Ɗaya

Ku yi min afuwa tun kafin na fara. Ni ba marubuciya ba ce, mai karance-karance ce kawai, irin wadda in aka kira sunanta a taro sai gabanta ya faɗi. Yau ne karon farko da na yi ƙarfin halin ba da labari, kuma nawa ne. In kun ga na yi tuntuɓe, ku kawar da kai.

Ranar da Abdulnasir ya zo gidanmu a Kiyako bayan la'asar, ko tabarmar da na shimfiɗa masa a soro bai kalla ba. Takardu ne a hannunsa, na kuma gane su.

"Malamata..."

Haka yake kirana. Amma ran nan muryarsa ba ta yi kama da tasa ba.

"Ki faɗa min gaskiya, daga ni sai ke. Ke kika rubuta sunayen nan gaba ɗaya?"

Ji na yi kamar an sheƙa min ruwan randa.

Bari na koma baya kaɗan, na ga na fara ruɗa ku.

Sunana Sharifa. Shekara uku ina koyar da matan garinmu a ajin yaƙi da jahilci. A bana aka ce an rage kasafin kuɗi, za a rufe azuzuwan ƙauyuka, namu da na Surko har da na Sara can ƙasar Gwaram. Matan suka ce ba su san zancen ba. Da muka ji wani kwamiti zai zauna a Birnin Kudu ya saurari jama'a, sai muka rubuta koke.

Na kawo tawadar dangwale don sauƙi. Inna Kulu, wadda ta girmi kowa a ajin, ta ture ta gefe. Ta ce shekara uku tana goga zaninta a benci don ta daina dangwala yatsa, ba za ta koma gidan jiya ba. Haka mata saba'in suka bi layi, kowacce ta rubuta sunanta da hannunta. Kwana biyu muka yi.

Shi kuwa Abdulnasir ɗan Sara ne, ƙaramin ma'aikaci, shi yake karɓar wa kwamitin takardu. Saura wata guda magabatansa su zo gidanmu. Kuma babu wanda ya san rubutuna kamarsa, don ni bakina ba ya min aiki a gabansa. Duk abin da ke raina a takarda nake ba shi, duk da ga waya a hannun kowa.

To ran nan a soro ya ce min Jafaru ne ya kai wa shugaban kwamitin magana. Jafaru mai bin 'yan siyasa, wanda ya nemi aurena bara na ce ya yi haƙuri. Wai hannu ɗaya ne ya rubuta sunayen. Shi Abdulnasir da farko dariya ya yi, amma da ya ɗauko wasiƙuna ya jera su kusa da koken...

Bai ƙarasa ba.

Na karɓi takardun na duba. Wallahi ni kaina sai da na tsorata. Kowane baƙi ya karkata hagu, kowace jela ta lanƙwasa sama, kamar ni na zauna na zana su.

"Yaya Nasir," na ce, "ka san rubutuna, amma ashe ni ba ka san ni ba."

Na miƙa masa na shige gida. Ina jin yana kirana, ban waiwaya ba.

Kafin kwana uku magana ta zaga. Alhaji Dabo, mahaifinsa, ya aiko a ce a dakata da zancen zuwan magabata. Ba zai haɗa zuri'a da yarinyar da ke yi wa hukuma ƙarya ba, ta ja a kori ɗansa daga aiki. Babana, Malam Iliyasu, ya sallami ɗan aiken. Ni ya kira ya ce na cire hannuna daga maganar ajin, sunan gidansa ya fi masa benci da alli.

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In na buɗe littafi sai na karanta layi ɗaya sau biyar. Na share tsakar gida da safe, na sake sharewa da hantsi, har Innarmu ta ce in ƙasar nake son ƙararwa na faɗa mata. Wayata ta yi ta ƙara, sunan Abdulnasir na fitowa, ni kuma ina kifa ta.

Abin da ya fi ci min rai, ni kaina ban san yadda aka yi ba. A gabana suka rubuta. To me ya mayar da hannu saba'in ya zama ɗaya?

Ana gobe zaman kwamiti Baba ya tarar da ni a gindin darbejiya, na baza littattafan ɗalibaina ina ta juya su. Ya tsuguna ya ɗauki na Inna Kulu, ya ɗauki na Sabuwa mai ƙosai, ya daɗe yana kallo. Sai na ga kafaɗarsa na motsi.

Dariya yake yi.

"Ai wannan karkatar tawa ce," ya ce. "Ni na kama miki hannu a kan allo kafin ki san boko. Da alƙalamin kara kika fara, daga dama, shi ya sa baƙaƙenki suke kwanciya haka. Ke kuma kika kama nasu hannun."

Ya ce a tsangaya ba a tambayar mutum wa ya karantar da shi, rubutunsa ake dubawa. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce na shirya, gobe da shi za a je.

Da safe mata arba'in da ɗaya mazajensu suka bari su je. A bayan a-kori-kura biyu muka shiga Birnin Kudu, Inna Kulu a gaba kusa da direba tana yi masa faɗan gudu.

Zauren ya cika. Na hango Jafaru a layin gaba ya karkata hula. Na hango Alhaji Dabo cikin mutanen Gwaram. Abdulnasir kuma yana gefen tebur, ya rame, bai ɗago ba.

Da aka zo kan kokenmu, shugaban ya ce an ajiye shi gefe saboda akwai shakku a kan sunayen. Ya tambaya ko malamar tana da abin cewa.

Na miƙe.

Duk abin da na haddace a hanya ya gudu. Ina jin wani a baya yana cewa ai mara gaskiya ko a ruwa gumi yake.

Sai na ji an ja kujera.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni," in ji Abdulnasir. "Masu sunayen suna nan. A ba su biro."

Shugaban ya ce masa wannan ba hurumin ma'aikaci ba ne, ya san abin da zai iya biyo baya? Abdulnasir ya ce ya sani. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo kwalin biro sabo fil da farar takarda. Ashe da su ya taho tun daga gida.

Inna Kulu ce ta fara fita. Ta gyara mayafi, ta yi bisimilla, ta ciza leɓe. Baƙi huɗu ne sunanta, amma sai da zauren ya yi tsit har ana jin fanka. Da ta gama ta tura wa shugaban.

Ya kalli takardar, ya kalli koken. Ya sake kallo.

Sabuwa ta biyo, Ummussalma ta biyo. Kafin a kai ta goma ya ɗaga hannu ya ce ya isa, amma matan suka ƙi. Wai sun sha rana a mota, sai kowa ta rubuta nata.

Inna Kulu ta juya ta miƙa wa Jafaru biron.

"Ɗan nan, zo ka rubuta naka mu ga na wa ya ɗauko."

Zauren ya ɗauki dariya. Ban ga lokacin da ya fita ba.

Shugaban ya ce ba zai yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba, amma koken nan da kansa zai kai shi. A yau da nake rubutun nan ajinmu da na Sara suna nan. Na Surko ne har yanzu muke ta sintiri a kansa.

Ana watsewa Abdulnasir ya tattara takardun, ya ninke wata ƙarama ya ba Sabuwa ta miƙo min. Ita kuma ta ba Inna Kulu. Kuskuren da ya yi kenan, ya manta wa na koyar.

Ta warware ta, ta nesanta ta da idonta, ta fara karantawa da ƙarfi a gaban Baba da Alhaji Dabo.

"Ma-la-ma-ta... ha-sken i-do-na... ki ya-fe..."

Mata suka yi caa a kanta, kowa na son ta karanta layi na gaba. Na ji Alhaji Dabo yana gyaran murya, yana tambayar Baba ko yana gida ranar Juma'a. Na ga Abdulnasir ya rufe fuska da fayil.

Akwai ragowar farar takarda a kan benci, da biro ɗaya.

Na rubuta kalma biyu, na yafe, da karkataccen rubutun nan da ya sani. Ban sa suna ba. Na ɗora a kan jakarsa, na ja mayafina, na bi ta ƙofar baya tun kafin wani ya tambaya ina Malama.